Tokar Murhun Mma

Ƙanena Nasrullah ya dawo daga Italiya da tumbi da sarƙar wuya, ya dubi bayan gidan mahaifinmu ya ce a nan zai haƙa wurin iyo. A Zango, inda ruwan famfo ma sai ya ga dama yake zuwa! Ya kuwa haƙa, ya shimfiɗa shuɗin tayil, ya kewaye da fitilu, yana ba 'yan fati haya ranar Asabar da Lahadi. Shi pul yake ce masa, ni kududdufi nake cewa, kuma a gaban idonsa.

Murhuna yana can gefe, ta saman gangare. A nan mahaifiyarmu Mma, Allah ya ji ƙanta, ta dafa waakye, shinkafa da waken sayarwa, har ta tsufa, a nan ni ma na gaje ta. Daga ƙanzon tukunyar nan Nasrullah ya ci ya girma har ya san hanyar filin jirgi.

Da damina ta kankama, duk sanda aka sheƙa ruwa sai kududdufin ya wayi gari fari fat kamar koko. Ranar nan ya zo ya tsaya mini a ka ina kwashe shinkafa.

"Sista Rafi, tokanki ne yake ɓata mini ruwa."

"Ni na aiko hadarin?"

"Ba wasa nike ba. In ruwa ya sauko, duk dattin murhunki cikin pul yake gangarawa."

Na ce ya je ya kai ƙarar gajimare. Bai kai ƙarar gajimare ba, tawa ya kai wurin Kawu Bawah, ƙanen Mma, wanda shi ya rage mana babba.

Kawu ya zo bayan la'asar, aka ajiye masa kujera bakin ruwan. Nasrullah ya fito da wata 'yar kwalba da maganin ɗigawa, yana wani taku kamar likita. Ya ɗebi ruwan saman da ya tara a bokiti, ya ɗiga maganin, ruwan ya zama ruwan ɗorawa.

"Ka gani, Kawu? Ruwan sama tsami gare shi. In shi kaɗai ya shiga pul, yalo za ka gani."

Ya ɗebi na kududdufin ya ɗiga, sai ga shi ja wur har yana neman yin shunayya. Ya taka zuwa ƙasan murhuna inda ruwa ya kwanta, ya ɗebo, shi ma haka.

"Toka da ruwan kanwanta suna kashe tsamin har su wuce gona da iri. Kulorin da nike zubawa ya tsabtace ruwan ba ya aiki kraa, ko kaɗan, ruwan sai ya yi fari."

Ban musa ba, idona ya gani. Na ce to a ja 'yar gwata ta kewaye murhun ta fita waje, ni zan kawo magini.

"Hayaƙin fa?" in ji shi. "Baƙina suna zuwa da turare, su koma gida da warin yajin shito. Jiya wata ta tambaye ni ko mai aikina ce ke."

Nan na gane ba toka ce ke damunsa ba, kunyata yake ji. Na dubi Kawu. Kawu yana duban sabuwar wayar da Nasrullah ya zo masa da ita tsaraba.

"Rafi'atu, ki yi haƙuri. Ke ce babba."

Na kwashe tukwanena na koma bakin titi, kusa da babbar gwata, inda 'yan babur ke watsa wa mutum taɓo. Kafin magariba ya sa an rushe murhun Mma. Washegari aka lulluɓe wurin da tayil, aka dasa laima da kujerun kishingiɗa. Na yi kuka ranar, kukan baƙin ciki da takaici, na kuma daina amsa gaisuwarsa.

Makon da ya biyo baya sama ta ɓalle, kullum ruwa. Ranar Lahadi da safe, layi ya cika a gabana, sai ga borgan namu, mutumin Italiya, da silifas yana tsallake taɓo. Labarin ya riga shi isowa. Ruwan nasa yanzu garau yake, amma cizo yake yi. Yaran da suka yi fati jiya sun fito ido jajur suna susa, wata uwa ta zazzage shi tas, tsanin ƙarfen kududdufin ma ya soma tsatsa.

Ya matso ya rage murya.

"Sista Rafi, kwalban yalo yake nunawa tun shekaranjiya. Tsamin ruwan sama ya cinye komai. Shagon da nike sayen sodan kashe tsami a Adum, can cikin gari, ba su buɗewa yau, ga fati da yamma."

Na ci gaba da zuba wa wata garin rogo da taliya.

"Ashe tokan nan, in bai yi yawa ba, shi yake riƙe ruwan."

Wallahi kafin ya rufe baki har na gama jera tukwanena a wurin Mma cikin raina, har na ga inda zan ajiye itace. Na ajiye cokalin.

"Sai ka fasa tayil ɗin ke nan."

Ya dube ni kamar na yi sabon yare.

"A'a, murhu ba ya dawowa. Tokan kawai nike so. Ki tace mini ruwansa ko bokiti guda, zan turo a ɗauka."

Masu layi suka zuba mana ido. Daron tokar safiyar yana gefen ƙafata, cike, da sauran ɗuminsa. Na sunkuya na ɗauka. Ya miƙo hannu biyu zai karɓa, har da murmushi. Na zagaye shi, na tsaya bakin gwata, na juye ta duka cikin ruwan da ke gudu, na bubbuga gindin daron don kada ko ƙura ta rage.

Na dawo na wanke hannuna na ɗauki cokalina. Yana nan tsaye baki buɗe.

"In waakye ka zo saye," na ce masa, "ka koma bayan layi."