Fitilun Bangon Tsoho Fulgence

"Ajiye tsumman nan, Odile, kafin in tsine miki!"

Muka juya a firgice. Mutumin da likita ya ce ba zai kai yamma ba, ga shi zaune daram a kan gado.

Fulgence maƙwabcina ne a unguwarmu ta masu gyaran tsofaffin kayan tarihi a Paris. Bai da mata, bai da ɗa, sai fitilun bango guda biyu na tagulla mai ruwan zinariya, irin na kyandir, tun na zamanin sarakuna. Shekara ɗari biyu suka yi suna tara duhun da shi ne darajarsu. Odile kuwa, mai kula da benenmu, ta ji an kira Fada, limamin coci, ya yi masa addu'ar ƙarshe, ta ce ba za a kunyata gidanta ba. Ta samu gishiri da lemun tsami ta dirje ɗaya tas.

"Dauɗa ce fa na cire maka!"

"Dauɗar ta girmi kakarki! Kin mayar min da ita murfin tukunya!"

Fada na shigowa, Fulgence ya ce, "Mutuwar ta jira tukuna. Fada, riƙe min kujerar nan."

Wallahi kwana huɗu ya ƙara. Kullum sai mu ɗora shi kan kujera, yana kanga wa fitilar hayaƙin kyandir, yana shafa mata ruwan shayi da ɗan buroshi don duhunta ya dawo. Odile na kawo masa romo, yana sha yana zaginta.

"Ba don ni ba da tuni ka ruɓe," in ji ta.

"Da na ruɓe da mutuncina."

Ran Alhamis buroshin ya faɗi daga hannunsa. Rabin fitilar ya yi duhu, rabi na ƙyalli. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don masifarsa ma abin kewa ce.

Bayan jana'iza da mako guda na ji ƙaurin hayaƙi daga ɗakinsa, na leƙa. Odile ce, matar da ta shekara talatin tana yaƙi da ƙura a benen nan, tsaye kan kujera da kyandir a hannu.

"Kada ka ce komai," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Rufe ƙofar, iska na kore hayaƙin."