Man Kujerar Haj Milad

Mijina Yacouba bai taɓa zama kafinta ba sai ranar da ya faɗa da bakinsa. Yana tsaye a unguwar Jadid ta birnin Sabha, inda masu neman aikin yini ke taruwa, wani Balibiye mai suna Haj Milad ya tsai da mota ya tambayi wanda ya iya aikin katako. Bawan Allah sai ya ɗaga hannu. Mutumin da ƙusar labulenmu ma ni na kafa ta da dutse!

Ban yi masa tsiya ba saboda dalili ɗaya. Haj yana neman mai gadi, kuma mai gadinsa zai samu ɗaki da makewayi a gidansa na unguwar Abdulkafi. Mu kuwa shekara biyu muna unguwar Gurda, ɗaki ɗaya da wasu ma'aurata, labule ne kawai tsakaninmu. Na gaji da minsharin mijin wata. Haj ya ce idan aikin ya yi kyau, ɗakin namu ne.

Aikin kuwa tsohuwar kujerar mahaifinsa ce mai hannu biyu, fentinta duk ya ɓare. Tsohon ya shekara uku da rasuwa, ranar Juma'a za a yi masa sadaka, mahaifiyar Haj ma za ta zo daga ƙauye.

Kwana uku Yacouba yana gurzar kujerar da sanfara, takardar nan mai kaushi, har tafin hannunsa ya yi kanta. Katako ya fito fari fat, daga nan basira ta ƙare. Sai ya lallaɓa wurin wani kafinta Bamisire ya tambayi abin da ake shafawa.

"Fourera, ya ce zait harr," in ji shi da ya dawo. "Shafi uku. Kin san shi?"

"Haba Malam, mi ke da wuya nan? Zait mai ne. Harr kuwa, kullum a kasuwa haka suke ce wa barkono."

Daga baya na ji cewa a bakin Misirawa zait harr man wani iri ne da ake kira kattan, ko ƙwayar barkono babu a ciki. Amma a ranar ni ce malama. Na daka barkonon da na zo da shi daga Damagaram, na soya cikin man zaitun, na tace da ɗankwali. Yacouba yana shafawa yana atishawa, ni ina ce masa ai haka mai kyau yake.

Gaskiya kujerar ta yi kyau, ta yi jajir tana sheƙi. Muka shanya ta a rana, na bi ta da turaren wuta.

Ranar Juma'a ina ɗakin girki ina taya matan gidan yankan albasa. A nan suka tsegunta mini cewa Hajiya tsohuwa ba ta sake wa Haj fuska ba tun ranar jana'iza, don ko ɗigon hawaye bai zubar wa mahaifinsa ba. Mutum ne mai taurin rai, in ji su.

Kafin baƙi su iso aka fito da kujerar tsakar gida, iyali suka kewaye ta. Ina leƙe ta taga. Haj ya zauna, ya dinga shafa hannuwan kujerar a hankali. Zafin Sabha kuwa ba ya raga wa kowa, gumi ya keto masa, ya sa tafin hannu ya share fuska har idanu.

Sai hawaye, shar-shar.

Nan take na gane aikina ne. Tsohuwa ta dube shi, ta yar da sandarta, ta rungume kansa tana kiran sunansa. Ƙannensa mata suka fashe da kuka. Ni ma na yi, amma nawa na tsoro ne.

Bayan la'asar Haj ya same mu a bakin ƙofa, idanunsa jajur. Ya sunsuni yatsunsa.

"Ya Yakub, wa ya dafa kujerar nan?"

Jarumin nawa ya nuna ni da baki. A raina na yi wa ɗakin ban kwana.

Haj ya juyo wurina. Sai ya ce, cikin Larabcin da ya sassauta don mu gane, "Yajin ya daina tun ɗazu, na wanke da madara. Kukan ne ya ƙi tsayawa."

Ya zaro makulli daga aljihu, ya tsallake hannun Yacouba ya miƙo mini.

"Hajiya kada ta ji wannan magana har abada. Kai kuma, ko tsinken sakace kada ka ƙara gyara mini."

Daga ciki tsohuwa ta ƙwala masa kira. Ya goge ido da hannun riga, ya amsa, ya koma wurinta da sauri.