Giram Ɗari Biyu

Ku shiga kowane ƙauye tsakanin Rohtak da Jhajjar ku ce kuna neman Bhale Ram mai murɗaɗɗen kunne, za a nuna muku ƙofata. Shekara ashirin da shida ina kokawa a kan jar ƙasa, sau uku kacal bayana ya taɓa ƙasa, ɗaya ma santsi ne. An karya mini haƙarƙari huɗu. Kwalara ta share rabin unguwarmu ta tsallake ni. Mutum ukun da suka kayar da ni, ni na raka gawar kowannensu wurin ƙonawa. Ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da ya rage ni ba.

Ankush jikana ne, ɗan ɗana Ramphal da tarakta ta kife da shi. Yana da shekara shida na ɗauke shi daga gindin uwarsa na kai shi filin kokawa. Rohtash kuwa ɗan maƙwabci ne, ubansa na tallan madara a keke, shi ma ni na koya masa inda ake kama ƙugu. Tare suka girma, tare suka shiga kwaleji a birni, ɗaki ɗaya, bokitin wanka ɗaya.

A kwaleji ba ƙasa, katifar roba ce, kuma kafin a kama ka sai an auna ka kamar buhun alkama. Gurbi ɗaya gare su a kilo sittin da biyar. Wanda ya samu shi zai je gasar jami'o'i, in ya dawo da lamba a wuya aikin ɗan sanda ko na jirgin ƙasa na jiransa. Ankush na shekararsa ta ƙarshe. Kocinsu ya ce ranar Talata da safe za a auna su biyun, su kara, wanda ya ci shi ne ɗan gaba.

Mako biyu kafin nan Ankush ya zo gida, na kasa gane shi. Kumatu sun faɗa, idanu sun zurma. Uwarsa ta zuba man shanu a gurasa, ya ture kwanon.

“Dada, sai na sauke kilo huɗu,” ya ce da ni.

“Ka sauke ka kai wa wa? Ni na kayar da ƙaton da ya fi ni da buhun gero guda, ba wanda ya ɗora mu a sikeli.”

“Zamanin ya wuce, Dada.”

A gidanmu ba a taɓa tura mutum fili da yunwa ba. Na yi wa Hanuman, ubangidan ’yan kokawa, alkawarin curma, ga shi kuma Talata ranarsa ce. Da asubar ranar surukata ta gasa gurasa, ni na marmasa ta da hannuna a cikin man shanu da mazarƙwaila, curmar ke nan. Na daka badam, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa, na dama da madarar ɓaunar gidanmu cikin tulun tagulla. Na kai ɗakin bauta aka sa albarka, na hau motar farko.

Na same su a bakin zauren kokawa, sun fi su ashirin, kowa na tofar da yawu a ƙasa kamar masu ciwon haƙori. Wani mai dogon wuya ya hango ni ya ce, “Kai, ga Tau ya kawo mana kantin alawa!” Tau, haka yara ke kiran dattijo a wurinmu. Suka kwashe da dariya. Na ce masa, “Ɗan nan, wuyan nan naka da yatsa biyu zan lanƙwasa shi.” Ya koma bayan ’yan’uwansa.

Rohtash ne ya fara zuwa ya taɓa ƙafata. Na damƙa masa curi guda, don abin da aka sa wa albarka ba a hana kowa, ko da abokin karawa ne, kuma ba a mayar da shi. Ya karɓa hannu biyu, ya kai goshi, ya naɗe a hankici.

“Ba za ka ci ba?”

“Zan ci, Tau. In an jima.”

Na juya kan nawa. Leɓensa ya bushe har ya tsage.

“Dada, don girman Hanuman ka ajiye. Rabin awa kawai. Jiya da yamma na hau, daidai nake, ko kurɓin ruwa ban da wurinsa.”

“Rabin awa kuma ka shiga fili da ciki kamar ganga? Ɗan mai madara ya ɗaga ka sama a gaban mutane?”

“Bayan awo akwai lokacin ci.”

Ban saurare shi ba. Ni dai kunnena na kan yaran da ke ƙus-ƙus. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji: “Tun ran da aka ƙona ubanka hannun nan ke ciyar da kai. Yau ka yi boko, abin albarka daga hannun kakanka ya zama guba? To mayar mini, in koma in faɗa wa uwarka.”

Ankush ya dubi Rohtash, Rohtash ya dubi silifas ɗinsa. Da a ce Rohtash ya buɗe baki ya ce, Tau, gaskiya yake faɗa, da na ji. Shi ya san dokar, ni ban sani ba.

Ankush ya ci curi biyu. Ya kafa kai a tulun, kwana biyu rabonsa da ruwan kirki, da ya fara bai iya tsayawa ba.

Sikelinsu ba shi da duwatsun awo, wani ɗan faranti ne mai jan rubutu da ke ƙyaftawa. Rohtash ya hau, koci ya gyaɗa kai. Ankush ya hau. Ban iya karanta lamba ba, fuskar kocin na karanta.

“Giram ɗari bakwai ya ɗora,” ya ce. “Waye ya ba shi abinci?”

“Ni ne. Bhale Ram. Tambayi ubanka, ya san ni.”

“Ya san ka, Tau. Shi ya sa zan ba shi minti talatin.”

Ankush ya sa rigar leda da rigunan sanyi biyu, ya yi ta zagaya filin ƙwallo a guje. Ya tsuguna bayan bango ya zura yatsa a maƙogwaro. Abin albarka, a cikin kwata. Mai dogon wuyan nan da ya yi mini ba’a shi ya ruga ya samo reza ya aske masa kai ƙwal. Ankush ya tuɓe har ɗan kamfai, ya fesar da numfashi, ya hau.

Giram ɗari biyu.

Na ce da kocin, “Giram ɗari biyu ko albasa biyu ba su kai ba. Bar su su kama juna, a ga namiji.”

“Can gasar ma sikeli za su fara tararwa, ba namiji ba.”

Kocin ya ɗaga hannun Rohtash a kan katifar da ba wanda ya taka. Da aka watse na ga Rohtash a kan benci ya kwance hankicinsa yana cin curmata a hankali, yana lasar yatsu. Ya zo ya sake taɓa ƙafata. Na bar shi ya taɓa.

Ya dawo daga gasar da lambar tagulla. Yanzu yana sa kaki, ubansa ya daina tallan madara. Ya aiko mana da kwalin alawa, na sa aka ba ɓauna.

Duk mai son ji ina faɗa masa a dandali, kuma zan faɗa har in mutu: ba a haifi ɗan da ya kai bayan jikana ƙasa a kwalejin nan ba. Faranti ne ya kayar da shi. A ba su jar ƙasa yau, Rohtash ba zai kai minti uku ba.

Ankush na gida, shi ke noma gonar ubansa. Kowace safiya yana taɓa ƙafata kamar yadda aka koya masa, ya gaishe ni, “Ram Ram, Dada,” ya wuce. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bai ƙara taka fili ba, ciyawa ta fara cin gefen da nake kasa kaiwa da fartanya. Har yanzu ina daka badam kofi biyu da asuba, hannuna ya saba. In na miƙa masa sai ya ce, “Ajiye, Dada, in an jima.”

Da rana ta take nakan zuba wa maraƙi.