Cinikin Alhaji Lawwali da Aljani

Tun Adawiyya na ƙarama take yawan ƙifta ido. Da ta kai sha biyar abin ya ƙaru: kafaɗa ta zabura, wuya ya fizge gefe, sannan tsaki ya kuɓuce mata, dogo, mai ƙara, irin wanda ake yi wa wanda aka raina. Ba ya zaɓen wuri. Ta yi shi a aji, ta yi a gidan gaisuwa, ta yi wa limamin unguwa yana tsakiyar addu'a.

Likita a Sakkwato ya ce larura ce ta ƙwaƙwalwa, sunanta Turet, ba hauka ba ce, kuma ba ta hana karatu. Dangi suka saurare shi da ladabi, suka dawo Goronyo suka ce iska ce. Likitan ai yaro ne, ko tambaya bai yi ba ko ta taɓa watsa ruwan zafi a makwarara da magariba.

Ubanta, Alhaji Lawwali dillalin albasa, ya cire ta daga makaranta. "Sai ta warke," in ji shi. Ita kuwa ta bincika a waya, ta san abin kan yi sauƙi amma ba shi da ranar tafiya. Ta yi bayani har ta gaji. Wa zai saurari yarinyar da ke yi wa liman tsaki?

Aka ɗauko Malam Mode mai ruƙiyya daga Rimawa. Aka zaunar da ita bisa tabarma a tsakar gida, aka turara habbatussauda, maƙwabta suka cika ƙofa. Ba abin da ke tayar da larurar kamar idon jama'a, sai kafaɗa ta kama aiki.

"Ga shi nan ya taho," in ji Malam. Ya duƙo. "Kai! Mi as sunanka? Mi kaka so ga yarinyag ga?"

Adawiyya ta duba, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: ubanta ya buɗe baki yana jiran abin da za ta ce. Sai ta kumbura murya.

"Boko nika so."

"Mi?"

"Ni ɗan makaranta na. Na bi ta don ta riƙa kai ni aji, kun zamnar da ni gida ina shaƙar warin albasa."

Malam ya sha jin aljanu na neman turare, wasu baƙin bunsuru, amma wannan sabo ne. Ya gyara rawani. "To, in an maishe ta, ka fita?"

"Sai ta ƙare jami'a."

"Jami'a? Albarka!" Alhaji Lawwali ne, bai ma san lokacin da ya faɗa ba, domin da wannan kalmar yake ƙin tayi a kasuwa. "Malam, hwaɗa mai sakandare."

"Alhaji, ba a ciniki da su."

"Kowa ana ciniki da shi. Sakandare, kuma in sai mata keke."

Adawiyya ta ga buƙata ta biya. Sakandaren kawai take nema tun farko, jami'a bakinta ne ya zarce. Ta buɗe baki za ta ce ta sallama, sai na gaskiyar ya zo. Wuya ya fizge, fuska ta kau, tsaki ya fita, wanda ya fi kowanne tsawo, a kan idon ubanta. Saura kaɗan ta ce, "Baba, yi haƙuri."

Amma Alhaji ya tsufa a kasuwa. Ya san duk mai kayan da ya yi tsaki ya kau da kai, tashi zai yi da kayansa.

"Tsaya, bawan Allah, ba hwaɗa muka yi ba! Kwalejin malanta, nan Sakkwato."

Tsoro ya ƙara tunzura abin. Kafaɗa, wuya, wani tsakin.

"To jami'ar! Na sallama! Malam, ka shaida."

Malam ya shaida, maƙwabta suka shaida, aka shafa fatiha. Alhaji kuwa ko a kan buhu ɗaya bai taɓa warware cinikin da aka shafa wa fatiha ba.

Ran Litinin tana saka kayan makaranta, kakarta Nana ta kira ta ɗaki.

"Zo nan, ƙawata. Aljanin ga naki, muryatai ta yi kama da ta wadda ka satar min ƙuli-ƙuli."

Adawiyya ta sunkuyar da kai. "Kaka, tsakin dai wallahi ba da gangan niy yi ba."

"Na sani. Shi ɗai na gaskiya cikin zancen." Tsohuwa ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "In Malam ya komo, a hwaɗa ma Lawwali tsohuwa na son hanta ran kasuwa. Mai taushi, haƙora babu."

"Kaka, aljanin ɗan boko na, ba ya shiga harkar nama."

"To shi koya. Ko in koya ma ubanki gane murya."

Kafaɗar Adawiyya ta zabura. Ta rataya jaka a kafaɗar ta fita, don an kusa rufe ƙofar makaranta.