Ranar da Jirgin Rayyis Abdulghani Ya Ƙone

Salihu yana juya albasa a tukunya, yana jiran ta yi duhu yadda shinkafar kifi ke so, sai hancinsa ya jiyo wani ƙauri wanda ba nasa ba. Ya ɗaga tukunyar, ya leƙa risho. Lafiya lau. Ƙaurin roba ne da fetur, kuma daga bayan jirgi yake zuwa.

Tun shekaranjiya suka baro Jidda da Turawa biyar, ma'aikatan wani kamfanin gine-gine irin waɗanda suka cika garin a shekarun nan. Hutu suka samu, suka yi hayar jirgin don su kwana a teku, su riƙa nutso suna kallon duwatsun murjani. Salihu shi ne kuku. Bahaushen Sudan ne, daga Gadarif ya zo aikin hajji ya zauna, kuma har furfura ta fito masa bai iya iyo ba. Mai jirgin kuwa, Abdulghani, wanda ake ce wa Rayyis, wato shugaban jirgi, haifaffen unguwar Ruwais ta Jidda ne, jikan alhazan da suka zo a ƙafa daga ƙasar Hausa. Hausarsa rabi Larabci ce.

"Wuta! Ya Rayyis, wuta!"

Muryar Bawa ce, mai kula da inji. Salihu ya kashe risho ya fito a guje. Injin da ke cika tulunan iskar masu nutso ne ya kama, wutar ta bi tiyon fetur ta sauka kan katako. Bawa ya fesa mata abin kashe wuta har ya ƙare. Ta lafa kamar ta mutu, sai kuma ta ɓullo ta ƙarƙashin daɓen jirgin, inda hannu ba ya kai wa. Kusa da ita ga tulunan iska a jere, cike taf, an ɗaure su da igiya.

Rayyis ya zo, ya dubi wutar, ya dubi tulunan, sannan ya dubi ruwa. Huɗu daga cikin Turawan suna can ƙasa tun ɗazu. Kumfar numfashinsu ce kawai ke tasowa a gefen jirgi.

"Mu watsa tulunan a ruwa!" in ji Bawa.

"A kan mutane? La," in ji Rayyis. "Jawo huri."

Huri shi ne ƙaramin kwalekwalen da suke ja a bayan jirgi. Bawa ya jawo shi zuwa gaba, nesa da hayaƙi. Rayyis ya buɗe akwatin rigunan ceto, ya zura wa Salihu ɗaya, ya ɗaure masa da hannunsa. Ammu yake ce masa, wato baffa.

"Ammu Salihu, kai da Madam ku sauka. Ɗauki jarkar ruwan sha. Yalla."

Cikin Turawan, Madam Irma ce kaɗai ba ta yi nutso ba ranar, ciwon kai ya hana ta. Mijinta yana ƙasa. Ta riƙe ƙarfen gefen jirgi tana kiran sunansa cikin ruwa, kamar zai ji ta. Rayyis bai ɗaga mata murya ba. Ya tsaya a gabanta, ya nuna mata igiyar anga, wadda ke riƙe da jirgin, ta sauka har ƙasan teku, ya ce da ita a hankali cikin Larabci mai sauƙi, "Ta nan zai fito. Ki je ki jira shi a nan." Ta dube shi, ta saki ƙarfen, ta sauka.

Salihu ya san zancen igiyar nan, don ya sha jin Rayyis yana nanata wa baƙi kafin su shiga ruwa. Wanda ya yi zurfi ba ya fitowa da gaggawa. Sai ya kama igiyar anga, ya hau kaɗan kaɗan, ya tsaya a hanya ya huta, in ba haka ba jininsa ya yi kumfa, ya shanye ko ya mutu. Ke nan mutanen nan huɗu za su taso ne daidai ƙarƙashin jirgin da ke ci da wuta, ba su san komai ba.

Abin da Rayyis ya yi daga nan, Salihu bai taɓa ganin irinsa ba. Ya kwance igiyar anga daga hancin jirginsa, ya miƙa wa Bawa bakinta.

"Ɗaura a huri. Ɗaurin kirki."

Bawa ya ɗaura, sannan ya gane. "Rayyis, jirgin zai tafi!"

"Shi nake so. Ku kada ku motsa daga nan ko me kuka ji."

"To sauko mana!"

"Sai na yi nisa da su, in zubar da tulunan. In suka fashe a nan kusa, babu wanda zai tsira, na sama da na ƙasa."

"Rayyis, ka ji tsoron Allah, kana da iyali," in ji Salihu.

"Su ma suna da shi, ya ammu."

Iskar arewa ta ɗauki jirgin ta fara janye shi. Rayyis bai tayar da babban inji ba, don kada farfela ta sari wani a ƙasa. Suna kallo ratar tana ƙaruwa, hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi. Salihu ya hango shi ya tsoma buhu a ruwa ya yafa a ka, ya shiga cikin hayaƙin. Can ya fito rungume da tulu, ya jefa a teku, ya koma. Ya sake fitowa, ya sake komawa. Salihu ya kama salati. Wannan jirgi da hannun mahaifin Rayyis aka ƙera shi a gaɓar Ruwais, shi ne gonarsa, shi ne shagonsa. Ga shi ya sake shi ga iska kamar wanda ya saki akuya.

Kan mutum ya ɓullo kusa da huri, sai wani. Suka cire gilashin fuska suna waige-waige, ba jirgi. Bawa ya jawo su ciki. Na ukun shi ne mijin Madam Irma, ta rungume shi da kayan nutsonsa tana kuka. Na huɗun ya daɗe a kan igiya yana hutunsa, bai san abin da duniya ke ciki ba. Yana fitowa ke nan suka ji ƙara kamar aradu. Tankin man jirgin ya fashe, wuta ta yi sama, katako ya riƙa zubowa a ruwa can nesa.

Bawa ya yanke igiyar anga, ya ja injin huri, suka nufi wajen a hankali saboda nauyi. Salihu ya miƙe tsaye, shi da ke tsoron ruwa, yana ƙwala kira, "Ya Rayyis! Abdulghani!"

Madam Irma ce ta fara ganinsa. Yana kwance rigingine a kan ruwa, ya ɗaga hannuwansa sama kamar mai addu'a, yana tura kansa da ƙafafu. Da suka ɗago shi suka ga dalili: tafukansa sun saluɓe. Gashin girarsa ya ƙone. Ya buɗe ido, ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe.

"Duka?" ya tambaya.

"Duka, Rayyis," in ji Bawa.

"Halas. Alhamdu lillahi." Ya rufe ido.

Masunta ne suka hango hayaƙin suka zo, suka kai su Jidda kafin magariba.

Ranar Juma'a Salihu ya je gaishe shi a Ruwais. Ya tarar da shi zaune a tabarma, hannuwa a naɗe da bandeji har gwiwar hannu, matarsa Mastura ta aiko da shayi daga ciki. Salihu ya ɗauki ɗan kofin ya kai masa baki, yana kurɓa. Suna haka mijin Madam Irma ya yi sallama da tafintansa. Ya yi godiya mai tsawo, idonsa ya kawo ruwa. Rayyis dai sai cewa yake, "Allah ne ya tsare." Da zai tafi, Baturen ya ja Salihu waje, tafinta ya ce, "Ya ce kicin ɗin kamfaninsu na neman kuku. Ga ɗaki, ga iƙama ta zama a ƙasa, kuma a kan tudu, ba ruwanka da teku. Gobe ma kana iya farawa."

Salihu ya tuna ƙarar nan, ya tuna tsoron da ya ji a cikin huri.

"Ka ce masa na gode ƙwarai. Amma ina da Rayyis."

Tafintan ya yi murmushi. "Ya ammu, Rayyis ɗinka ai ba shi da jirgi."

"Na sani," in ji Salihu. "Ina wurin ya ƙone."

Ya cire takalmansa ya koma ciki, don shayin ya fara hucewa.