Matakala Goma Sha Huɗu

A ofishinmu na masu zanen gine-gine, an raba aiki bisa adalci. Mu takwas muna zane, maigidanmu yana sa hannu. Mu muke zaman kujera har baya ya ƙage, shi kuma, bawan Allah, yana shan wahalar tsayuwa gaban masu ɗaukar hoto. A bayan idonsa Jan Biro muke ce masa, domin duk ranar Laraba sai mun manna zanenmu a bangon ɗakin taro, ya shigo da jan bironsa yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka yi wata guda kana aunawa, a minti biyu zai yi masa aski. A bayansa kuma akwai mataimakinsa, wanda muke kira Haka-Ne, tunda ba a taɓa jin wata kalma ta fito daga bakinsa ba sai ita.

Shekarata tara a wurin. A cikinsu na zana banɗakunan da za su ishi gari guda, da wuraren ajiye motoci, da ɗakunan masu gadi. Gini cikakke kuwa, sai dai in gani a teburin wasu. Sai ga aikin ɗakin karatu na jama'a ya faɗo a makon da Jan Biro ya yi tafiya, ya je gabatar da lacca a kan yadda ake gini don jin daɗin ɗan Adam. Sauran duk hannunsu a cike yake, aka turo mini fayil ɗin don babu yadda za a yi.

Ranar da na gaya wa Baba, sai da ya sa na maimaita. Baba magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo, har ranar da katako ya karye da shi a hawa na biyu. Shekara shida ke nan yana kan keken guragu.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "duk rayuwata zanen 'ya'yan wasu nake ginawa. Allah ya nuna mini ranar da zan shiga ginin da kika zana, da kaina, ba a ɗauke ba."

Saboda haka na zana ginin a ƙasa-ƙasa, matakala uku kacal, da gangare mai faɗi a gaba wanda zai kai mutum har bakin babbar ƙofa. Da tef ɗin awo na auna keken Baba a tsakar gida, faɗinsa da filin da yake buƙata in zai juya. Yana zaune yana gyara mini riƙon tef ɗin, wai masu digiri ba su iya awo ba.

Laraba ta zo, Jan Biro ya dawo daga ceton ɗan Adam. Ya tsaya gaban zanena ya karkata kai.

"Ƙanwata, wannan harshen da ginin ya zaro fa, na mene ne?"

"Gangare ne, Yallaɓai. Na masu keke da tsofaffi."

"Gini fuska gare shi," ya ce, yana cire murfin biro. "Kuma ilimi hawa ake yi. Mutum ya ji a gwiwarsa cewa ya zo wuri mai daraja."

"Haka ne, Yallaɓai," in ji Haka-Ne.

Nan take ya ɗaga ginin sama har fiye da mita biyu, don ya fito sosai a hoto daga bakin titi, ya zana matakala goma sha huɗu tun daga wannan kusurwa har waccan. Na ce masa doka ta ce dole a yi gangare. Ya yi murmushin da manya ke yi wa yaro mai ƙoƙari.

"Doka ta ce a yi. Ta ce a ina?"

Ya ja kibiya ja, ta zagaya ginin, ta sauka a baya, tsakanin ɗakin janareta da wurin ajiye shara.

Zan so in ce na buga tebur. Ban buga komai ba. Na ce, "To, Yallaɓai," na naɗe takarduna, na je banɗakin ofis, wanda shi ma ni na zana shi, na yi kuka. Tsoro na ji, kada a karɓe aikin a mayar da ni kan ɗakunan masu gadi.

Abin da ya rage mini shi ne gangaren bayan, sai na zuba masa duk abin da na sani. Tsawon mita ashirin da biyar, duk taku goma sha biyu a gaba ya hau taku ɗaya, da wurin hutawa biyu a hanya, da ƙarfen riƙewa a kowane gefe. Ɗan kwangila ya so ya gutsure rabinsa, wai wa zai leƙa bayan gini. Sau uku ina sa shi ya fasa siminti ya sake, har ya fara ɓuya in ya hango hular kwanona. Jan Biro bai taɓa zagayawa can ba, kuma wannan ce babbar gudummawar da ya bai wa aikin.

Baba kuwa ban gaya masa ba. Wata goma sha takwas yana tambayata, "An kai linta? An yi rufi?" ina amsawa, amma maganar matakala ban taɓa tayar da ita ba. Kullum sai in ce gobe.

Ranar buɗewa, tun da hantsi ya sa aka goge masa rigarsa mafi kyau, ya sa yayana ya wanke tayoyin keken. Muka isa muka tarar an cika. An rataya ƙyalle a saman ƙofa, an rubuta da manyan baƙaƙe: ƘOFARMU A BUƊE TAKE GA KOWA. Gaskiya ne kuwa, a buɗe take, can sama. A jikin bango an kafa allon tagulla da sunan wanda ya zana ginin. Ba sai na ce ba nawa ba ne.

Na tura Baba har gindin matakalar. Ya ɗaga kai, na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙirgawa. Bai dube ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jan Biro ya hango mu. Shi mutum ne da ba ya barin dama ta wuce shi, ga tsoho a keke, ga masu kyamara. Ya sauko da hannuwa a buɗe.

"Baba, sannu da zuwa! Kai," ya juya ga Haka-Ne, "ku kama, mu ɗaga shi. Masu hoto, ku matso."

Haka-Ne har ya sunkuya, Baba ya ɗora hannu a kan tayar keken.

"Ɗana, buhun siminti ake ɗauka. Ni shiga na zo yi."

Haka-Ne ya buɗe baki, karo na farko a rayuwarsa ya rasa wanda zai ce wa haka ne. Baba ya juyo gare ni.

"Uwata, ina hanyar mutane irina?"

Na tura shi muka zagaya. Muka wuce tagogi, muka wuce tankin ruwa, tafin jama'a yana ta raguwa a bayanmu har ƙarar janareta ta cinye shi. Ga kwandunan shara an jera, cike da kwalayen da aka ciro littattafai. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage.

"Baba, ka yafe mini. A gaba na zana shi, aka mayar da shi nan. Na kasa gaya maka."

Ya rufe ido ɗaya yana duban gangaren, yadda yake duban bango in yana neman karkata. Ya shafa simintin da tafin hannu, ya jijjiga ƙarfen riƙewar.

"Cire hannunki daga keken."

"Baba, da nisa fa."

"Na ce cire."

Na cire. Ya kama tayoyin ya tura. Keken ya hau a hankali, bai dawo baya ba, bai kuma goga gefe ba. A wurin hutawa na farko ya tsaya ya numfasa, ya juya keken gaba ɗaya don ya gwada filin, ya ci gaba. Ina biye da shi hannuwana a buɗe kamar mai bin yaro mai koyon tafiya. Shekara shida rabon da in ga Baba ya hau wani abu da ƙarfin kansa.

Bayan wata biyu, wata mujallar masu gini za ta yabi Jan Biro a kan hikimar ɓoye gangare don kare mutuncin masu amfani da shi, shi kuma zai sa a yi wa shafin firam a rataye a ɗakin taro. Wannan duk daga baya ne.

A lokacin dai Baba ya kai sama, gumi ya jiƙa rigar da aka goge. Ƙofar baya a buɗe take, ana hango kantocin littattafai a jere. Bai shiga ba tukuna.

"A duk ginin nan, wanne ne naki, wanda ba a taɓa ba?"

"Wannan kaɗai ya rage, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sake duban gangaren tun daga sama har ƙasa.

"Babu kuskuren ko yatsa ɗaya," ya ce. Ya juya keken ya fuskanci ƙasa. "Littattafan su jira. Matsa mini, Uwata, zan sauka in sake hawa."