Mataki Na Goma Sha Biyu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labarin, don kada Tiya Soling, ƙanwar babana, ta ce na kai sirrin gidanta waje. Sai na ji ita da kanta tana ba masu sayar da kifi labarin a kasuwa, har da ƙarin gishiri. To, ga yadda aka yi.

Wata uku cur mijinta, Tiyo Sebyo, yana kwana a ƙarƙashin gida. Gidansu na katako ne bisa dogayen ginshiƙai, irin tsofaffin gidajen tsibirinmu na Camiguin, ɗakuna a sama, ƙasa kuwa na kaji ne da babur da buhunan busasshiyar kwakwa. Tun da aka yi masa aiki a gwiwa likita ya hana shi hawa tsohuwar matakalar, mai mataki takwas, kowanne sai ka ɗaga ƙafa kamar mai shiga kwale-kwale. Sai aka kafa masa gadon gora kusa da babur. Shekara talatin da huɗu ya yi a ɗakin injin jirgin ruwa, can ƙasa inda ba a ganin rana, ba shi da burin da ya wuce in ya yi ritaya ya farka ya tura tagar ɗakinsa ya ga teku.

"Na koma ɗakin inji," haka yake ce wa masu zuwa dubiya. "Sai dai wannan injin cara yake yi da asuba."

'Yarsu Arlene, ma'aikaciyar jinya a birnin Cebu, ba ta ga abin dariya ba. Ta bugo wa uwarta waya ta ce, "Mama, ran Asabar zan zo a jirgin ruwa na rana. In na tarar da Papa cikin kaji, ƙafata ƙafarsa. Na riga na share masa ɗaki." Tiya Soling ta san ɗakin. Tagarsa bangon maƙwabta take kallo.

Nan da nan ta kira Kulas kafinta, ta ba shi takardar da likita ya rubuta iyakar tsayin da gwiwar za ta iya ɗauka. Kulas ya auna sama, ya auna ƙasa, sannan ya shuri faffaɗan dutsen da take wanki a kai, nan gindin famfo.

"Nang Soling, da za a kawar da wannan da na ɗan sami fili," in ji shi. Nang kuwa haka muke kiran babbar mace don girmamawa.

"Ka kawar da kanka dai. Mahaifiyata ta sa aka ɗauko shi daga kogi tun uwarka ba ta san za ta haife ka ba."

Kulas ya tsara matakalar yadda za ta sauka taku biyu kafin dutsen. Kwana huɗu ana jin zarto da guduma. Ita kuwa hankalinta na kan wankin labule da gyaran ɗakin baƙuwa, ta bayan gida take hawa da tsanin gora, ba ta ko leƙa aikin ba.

Ran Juma'a da la'asar Kulas ya buga ƙusar ƙarshe. Matakala ta yi kyau, gajerun matakai, ga abin dafawa a gefe, katako yana ƙamshi. Tiyo Sebyo ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki sanda. Tiya Soling ta ce ya bari ta fara gwadawa. Ta taka na farko, bakinta ya kama ƙirgar da kowane yaro a garinmu ya sani, wadda ba a son matakin ƙarshe ya faɗa kan kalmarta ta uku.

"Zinariya, azurfa, mutuwa. Zinariya, azurfa, mutuwa."

A na tara muryarta ta fara ƙanƙancewa. A na goma sha ɗaya ta tsaya cak, ƙafarta a sama. Saura ɗaya, kuma ta san sunansa.

"Kulas! Matakala ka yi mana ko hanyar maƙabarta?"

Kulas ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa, ya cire hula ya sosa kai. "Takardar likita na bi, Nang. Likita bai rubuta zinariya ba."

"Kakanka ma kafinta ne, shi bai koya maka ƙirga ba?"

"To ki fara daga ƙasa mana. Ƙasa ma ai takawa ake yi."

"Ni za ka yi wa wayo a gidana?"

Ta ce ya cire ɗaya. Ya ce in ya cire sauran za su ƙara tsayi, gwiwa ba za ta ɗauka ba. Ta ce ya ƙara ɗaya. Ya ce sai an canza katakon gefe, shi kuma ba zai iso ba sai mako mai zuwa.

"Ling," in ji Tiyo Sebyo, "sai in tsallake na ƙarshen."

"Da wace gwiwar? Ta aro za ka ɗauko?"

"Na ratsa guguwar da ta fi gidan nan tsayi, katako ɗaya ne zai kashe ni?"

"Guguwar ai ba ni na sa aka yi ta ba."

Ta sauko ta zauna a mataki na biyu, don ba za ta zauna a na uku ba, ta baza hannu ta tare hanya. Kulas ya tattara kayansa ya sulale.

Kafin magariba ta sauko masa da shinkafa da romon kifi mai tsami. Tana sunkuyawa za ta ajiye kwano sai ta ga jaka a ƙarƙashin gadon, an cika ta an zuge. Rigar cocin ma ba ta jikinsa. A kan matashi kuwa ga madubin hangen nesan nan da yake duba jirage da shi.

"Ba ka saka wannan ba," ta ce.

"Me zan hango da shi a can? Wandon maƙwabci a igiya?" Ya yi dariya, ya ja kwano. "Ling, kada ki damu. In kin ce kada in hau, ba zan hau ba. Shekara talatin da huɗu kina kunna mini kyandir ina dawowa lafiya, ba yau zan ce ba ki san abin da kike yi ba. Gishiri ya yi kaɗan a romon nan."

"Likita ne ya hana."

"Shi dai likitan nan, duk shi ya ja mana."

Ta hau sama, ta miƙa ƙafa ta tsallake na ƙarshen, ƙugunta ya amsa. Ta tura tagar ɗakinsu. Teku ya yi ja, masunta suna tura kwale-kwale. Da ta sunkuyar da kai sai idonta ya sauka kan dutsen wanki, faffaɗa, mai santsi, kaurinsa kamar rabin matakin farko.

"Nanay, ki yafe mini," ta ce a hankali, tana nufin mahaifiyarta.

Washegari da safe, kaji ba su gama saukowa ba ta leƙa ta kan shinge. "Biring! Ajiye tsintsiyar nan ki zo da gora biyu."

Nang Biring maƙwabciyarta ta zo tana mita. "Dutsen da ko sabulu ba ki bari in ɗora a kai?"

"Shi. Kama nan."

Suka zura gora a ƙarƙashinsa, suka danna, suka tura. Tiyo Sebyo yana zaune a gado yana ba da umarni kamar yana cikin jirgi, su ɗaga hagu, su saki dama, har Nang Biring ta ce in bai rufe baki ba shi za su shimfiɗa a gindin matakalar. Sai da suka huta sau uku kafin dutsen ya zauna a gaban matakin farko. Tiya Soling ta cusa yashi ta ko'ina, ta hau ta yi tsalle a kai sau biyu, bai motsa ba.

"Tashi," ta ce wa mijinta. "Ɗauko madubinka."

Ya taka dutsen, ta ce zinariya. Ta riƙe bayan wandonsa tana biye da shi, shi yana nishi, ita tana ƙirgawa da ƙarfi, Nang Biring tana amsawa daga ƙasa. A na goma sha biyu ta faɗi sunan matakin da sauri, ta ɗan tura mijinta. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora a na goma sha uku.

"Zinariya!"

Bai waiwayo ba, ya wuce ɗaki kai tsaye, ta ji ƙarar taga. Ita kuwa ta sauko ta janyo jakar nan ta zazzage ta, ta jingine gadon gora a bango. Sannan ta ɗora baho a kan ƙasa inda dutsen ya bar shaidarsa, ta tsuguna ta fara wanki, tana kallon hanyar da Arlene za ta ɓullo.